Hannu Biyu a Ƙarƙashin Mota, Allo a Bayan Ƙeya

Bakanike hannu biyu gare shi, aikin saitin ƙafafun mota kuwa uku yake nema. Idan ya shiga ƙarƙashin mota domin daidaita tayoyin gaba, sifana ɗaya tana riƙe da sandar da ta haɗa sitiyari da ƙafa, ɗayar tana sassauta notin da ya ɗaure ta. Lambar da yake nema tana can a allon kwamfuta, taku biyar ko shida daga inda yake, sau da yawa ma a bayan ƙeyarsa. Duk sa'ad da yake son allon ya wuce shafi na gaba, sai ya ajiye sifana, ya fito, ya goge baƙin mai, ya danna maɓalli, ya koma. Daga wannan zirga-zirga aka samo tunanin a ba na'urar kunne, ta yadda bakin bakanike zai zama hannunsa na uku.

Kafin a kai ga murya, ya kamata a san abin da ake aunawa. Kusurwa uku ce ke riƙe da zaman taya. Akwai kamba, wato jinginar saman taya ciki ko waje idan aka dubi mota ta gaba. Akwai kasta, kishingiɗar layin da ƙafa ke juyawa a kansa idan aka duba ta gefe, wadda ita ce ke dawo da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana. Ta uku ita ce tsukewa ko buɗewar bakin tayoyi idan aka leƙo su daga sama, kuma ita ce ta fi cin taya. Lissafinta mai sauƙi ne: tayar da ta karkace da digiri ɗaya tak daga hanyar da mota ta nufa, a kowace kilomita tana neman ta kauce da kusan mita 17. Tun da motar ba za ta bar ta ta tafi ba, sai a yi ta jan ta a kan kwalta ta gefe, roba tana goge wa. Shi ya sa injinan zamani suke awo da ɗaya bisa ɗari na digiri, kuma ɗan juyin sifana kaɗan ya isa ya fitar da lamba daga kore zuwa ja.

Manyan masu ƙera waɗannan injina a Amurka su ne Hunter Engineering, wanda Lee Hunter ya kafa a 1946 a yankin Sent Luwis, da John Bean, wanda Snap-on ya saya a 1996. A injinansu na yau ana maƙala wa kowace taya wani faifai mai zane, kyamarori a gaban mota suna kallonsa, a ɗan tura motar baya a dawo da ita, kwamfuta ta lissafa zaman kowace ƙafa. Awon ya zama na daƙiƙoƙi. Gyaran kuwa yana nan yadda yake, da sifana da tsatsa da mutum a sunkuye. John Bean ya sa wa wasu injinansa tsarin da ya kira VoiceAlign: bakanike ya ɗaura makirufo da abin ji a kai, ya faɗi umarni, na'ura ta bi.

A ido, wannan ƙaramin aiki ne ga kwamfuta. Tun 1952 na'urar Audrey ta ɗakin bincike na Bell take gane lambobi daga sifiri zuwa tara, a 1962 kuma IBM ya nuna Shoebox mai gane kalmomi 16. Injin saiti ma bai buƙaci fiye da 'yan kalmomi ba: gaba, baya, nuna kamba, buga takarda. Wahalar tana wurin da ake maganar. Gareji ba ofis ba ne. Bindigar kwance noti tana ƙara da ta kai kusan desibel 100, kwamfuresa tana tashi ba sallama, rediyo yana yi, wani yana dukan ƙarfe a ramin da ke kusa. Sannan akwai abin da likitan Faransa Étienne Lombard ya bayyana a 1911: mutum a cikin hayaniya yakan ɗaga murya ba da saninsa ba, sautinsa ya hau, wasulansa su yi tsawo. Ke nan muryar da na'ura ta saba da ita da safe, gareji shiru, ba ita za ta ji da azahar ba. Ƙara a kan haka, mai maganar yana nishi, yana jan notin da ya ƙi motsi.

Kuskuren ji iri biyu ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Na farko, bakanike ya yi magana na'ura ba ta ji ba. Ya maimaita, ya yi tsaki, a karo na uku ya fito ya danna maɓallin da hannu. Wannan ɓata lokaci ne kawai, ko da yake shi ne ke sa abin ji ya ƙare a rataye jikin ƙusa. Na biyu ya fi muni: na'ura ta ji abin da ba a faɗa ba. Wani ya ce "gaba" yana kwatanta wa direba inda zai ajiye mota, allo ya tsallake wani mataki, aka ci gaba da gyara a kan awon da bai kammala ba. Motar za ta fita da takarda mai nuna komai kore, mai ita ya gane gaskiya bayan wata uku, sa'ad da gefe ɗaya na sabuwar tayarsa ya zama sumul. Duk mai tsara irin wannan na'ura dole ya zaɓa: idan ya sa ta saurin yarda za ta ji ƙarya, idan ya sa ta taurin kunne za ta gundiri mai aiki.

Nan ne iyakar muryar ta fito fili. Ta dace da tambaya da juya shafi, abubuwan da idan an yi kuskure za a iya komawa baya. Ba ta dace da ɗaga ko sauke gadon da mota mai nauyin tan biyu take kai ba, mutum yana ƙarƙashi. Da gangan ake ƙera maɓallan irin wannan gado ta yadda sai an ci gaba da dannawa zai motsa, a saki ya tsaya cak. Kalma kuwa idan ta fita ta fita, babu yatsan da za a ɗage.

Abin lura shi ne, hanyoyin da suka fi karɓuwa a garejoji ba su da ƙyalli irin na murya. An ƙara wa lambobi girma, an mai da su sanduna masu launi da ake hangowa daga nesa. An ba bakanike ƙaramin allo ko waya da zai ajiye kusa da ƙafar da yake gyarawa. Mafi amfani duka, an koya wa manhaja ta wuce mataki na gaba da kanta idan ta ga an gama na baya. Umarnin da ba a buƙaci bayarwa ba, babu yadda za a yi a ji shi ba daidai ba.

Akwai rabin fasahar da ba a cika yi mata talla ba, alhali ita ce ta fi dacewa da aikin: na'ura ta riƙa faɗa wa mutum lamba a kunne. Idon bakanike yana kan noti, hannuwansa a cike, kunnensa ne kaɗai ba ya aikin komai. Wanda ya taɓa kai mota alaimen a Kano ko Kaduna ya ga wannan tsari da mutum a madadin lasifika, yaron gareji tsaye gaban allo yana cewa "ƙara kaɗan, Oga, kaɗan dai, ya isa." Yaron yana gane muryar maigidansa a cikin kowace irin hayaniya, yana bambance umarni da zagin noti, kuma bai damu da karin harshe ba. Na'urar da aka horar da Ingilishin Amurka ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun. Yaron kuma, a tsayuwar nan tasa, yana koyon yadda rubu'in juyin sifana ke motsa lamba, ilimin da zai ci abinci da shi nan gaba.

Batun zai sake tasowa, domin matakan aikin ƙaruwa suke yi. Mota ta zamani bayan saiti tana bukatar a sake daidaita na'urar da ke auna juyin sitiyari, wani lokaci har da kyamarar gilashin gaba da ke lura da layin titi. Shafuka sun yi yawa, hannu har yanzu biyu ne. Manhajojin gane magana na yanzu, irin su Whisper da OpenAI ya fitar a 2022, sun fi na da jure hayaniya da bambancin karin harshe nesa ba kusa ba. Sai dai suna da wata ɗabi'a da aka san su da ita: idan sauti ya dagule, maimakon su yi shiru, sukan cike gurbin da kalmomin da suka ga sun dace. A rubuta hira wannan ƙaramin aibi ne da edita zai gyara. A gareji kuwa shi ne kuskure na biyun nan, wanda ba a gane shi sai taya ta cinye.