Aman jini ba sammu ba ne

Jinin hanjinmu yana bi ta babbar jijiya guda zuwa hanta. In ciwon shawara na B, ko giya, ko tsargiyar hanji suka taurara hanta, sai jinin ya rasa hanya, kamar ruwan da aka datse. Saifa ta kumbura, ciki ya cika da ruwa, jijiyoyin hanyar abinci su fashe.

Haka na rasa ɗalibina guda a ajin yaƙi da jahilci. Ya yi aman jini, aka ce sammu ne, aka tsaya turare kwana biyu.

Ƴan'uwa, mai aman jini ko baƙin kashi, a kai shi likita nan take. Jarirai kuma a yi masu allurar rigakafin shawarar B, wadda ake yi a Nijar tun 2008.