Aikin Hannun Mai Juna Biyu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka taimake ni da ɗan fili a jaridan nan tamu, in yi magana da 'yan'uwana malamai da akawuna a kan wani abu wanda kunya ta hana mu taɗinsa a zaure, watau zaman da matanmu su ke yi a watanni biyu ko uku na ƙarshen ciki, da ɗan aikin hannun da su ke riƙewa a lokacin. Na san wani zai ce, "Ina ruwan namiji da faifai da kwarashi?" To, ya yi haƙuri ya karanta tukuna, sa'an nan ya yanke mini hukunci. Ni malamin makaranta ne, ba likita ba, amma 'ya'ya huɗu aka haifa a gidana, ban da na 'yan'uwa, abin da idona ya gani kuwa shi zan faɗa.

Duk wanda ya zauna da mace sa'ad da ta shiga wata na bakwai ya san yadda gida ya ke sakewa. Sunkuyo ya gagare ta, tashi daga tabarma sai ta dafa bango, barci ya zama guntu-guntu saboda ƙwannafi da yawan fita fitsari da motsin yaro. Tsofaffi su kan ce mata, "Yi ta daka, 'yan nan, naƙuda ta zo miki da sauƙi." Akwai gaskiya a ciki, gama likitoci ma sun ce motsa jiki yana da amfani ga mai ciki, amma dai da bambanci tsakanin ɗan daka da shara, da kuma kinkimo jarkar ruwa daga rijiya sau biyar kafin hantsi. In kuwa aka yi rashin sa'a watanta ya faɗo cikin bazara, wajen Maris ko Afrilu, to, sai ka ga baiwar Allah tana jan tabarma tana bin inuwa, da safe tana gindin wannan bango, bayan azahar ta koma wancan. A cikin wannan zama na bin inuwa ne hannu ya ke neman abin yi.

Kakata ta wajen uwa kaɗi ta ke yi. Na taso na iske kayanta, dutsen gurza da ɗan ƙarfensa na fid da angurya, da bakan shiɓa, da mazari, da alli cikin 'yar taskira, wanda ta ke dangwalawa don kada zare ya zame mata a yatsa. Ta kan ce kowane ciki da ta yi, ita ta kaɗa zare da abawar da aka saƙa majanyin da ta goya yaron da shi. Kada mai karatu ya rena wannan sana'a. Sa'ad da matafiyin nan na Jamus, Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya rubuta labarin tufafin Kano da a ke kai su har Tumbutu da Tarabulus. To, wa ya kaɗa zaren? Mata ne a tsakar gida, cikinsu kuwa lalle da masu nauyi irin kakata. Zaren inji ya zo ya kashe musu kasuwa. Aka buɗe masaƙar farko ta Kaduna a 1957, ita ma ga shi ta rufe a 2002. Yau in ka nemi mazari a unguwarmu sai an tona ƙarƙashin gadon wata tsohuwa.

Amma hannun mace bai zauna banza ba. A nan birnin Zariya, tun wajen shekarun 1970 mata suka shiga ɗinkin babbar riga, wanda da aikin maza ne, har su kan fid da aska biyu da aska takwas ba wanda zai ce ba gwanin zaure ya yi ba. Wasu ɗinkin hula suka kama, kube da zanna: mai zane ya zana a kan ƙyalle, mace ta cike da zare, sa'an nan a kai wa masu wanki su sa sitaci su buga. Wasu kuwa faifai, da kaba da basilla, ko da ya ke yanzu zaren buhu ya fara korar kabar da a ke rinawa da karan dafi, abin da ni dai ban ga kyansa ba. Uwargidana kwarashi ta iya. Kowane ciki sai ta saƙa hula da safa da 'yar rigar sanyi da zaren ulu, ta naɗe ta tura can ƙasan akwati, domin a wurinmu ba a baje kayan jariri tun bai zo duniya ba. In na tambaya na wane ne, sai ta ce, "Na ɗan maƙwabta ne, Malam." Ni kuma in ce, "Allah ya raya ɗan maƙwabta." Iyakar taɗinmu ke nan a kan maganan.

Abu na farko da na ke so 'yan'uwa su lura da shi, kuɗin wannan aiki. Mu maza muna da namu nauyi wanda al'ada ta ɗora mana: itacen wankan jego, da gero da kanwa na kunu, da kayan yaji, da ragon suna. Galibinmu kuwa hankalinmu a kan ranar suna ya ke, don ita ce jama'a za su gani. Amma daren naƙuda fa? Kuɗin mota da tsakad dare, da safar hannu da auduga da sauran abin da malaman asibiti su kan rubuta a zo da su, sau da yawa daga ɗan asusun mace su ke fitowa, watau daga hula biyu ko faifai goma da ta ba yarinya ta kai gida-gida. Saboda haka mutumin da zai ce wa matarsa, "Ara mini kuɗin hulan nan, in albashi ya zo in biya ki," alhali kuwa watanta ya tsaya, bai san abin da ya ke ara ba. Akwai kuma masu karɓar aiki a hannun mata su ce sai bayan salla za su biya. Wannan zalunci ne, gama haihuwa ba ta jiran salla.

Abu na biyu shi ne ainihin dalilin takardan nan. Shekara uku ke nan ƙanwata ta dawo gidan mahaifiyarmu goyon ciki, kamar yadda a ke yi a cikin fari. Yarinya ce gwanar hula, wadda in ta cike kube sai ka juya bayan ɗinkin ka rasa inda ta ƙulle zare. Ga kunyar ɗan fari, ko an tambaye ta jiki ba ta cewa kome sai "Da sauƙi." Ƙafafunta sun kumbura, aka ce ai haka masu ciki su ke, fuska ta cika, wata gwaggonmu ta ce alamar namiji ne, wata ta ce zaƙi ne ya yi yawa, a jiƙa mata magani. Ran nan uwargidana ta je gaishe su, ta ɗauki hular da yarinyan ta ke ɗinkawa don ta yaba, sai ta ga layi uku na ƙarshe sun karkace, zare ya tsallake zane, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Ke kuwa lafiya?" Sai yarinya ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, kwana biyu ke nan ba na ganin kafar allura, sai wasu taurari-taurari ke gilma mini, kaina kuma kamar ya tsage." Aka duba zobenta, ya nutse cikin yatsa.

Uwargida ta dawo ta gaya mini. Na tafi wurin mahaifiyarmu na ce, "Inna, a yi haƙuri a ba ni ita mu kai asibiti yau, kada a bari sai gobe." Inna ta ɗan ja, ta ce ranar awonta sai mako mai zuwa, ga mijinta ba ya gari. Na ce na ɗauki laifin a wurin mijin. Da muka isa aka ɗaura mata abin awon jini, malamar ta dube ni ta ce ba za ta koma gida ba. Aka auna fitsari, aka kwantad da ita, aka yi mata allurai, bayan kwana biyu likita ya ce haihuwar ba za ta jira cikar wata tara ba. Aka sami 'ya mace, 'yar ƙanƙanuwa, ta yi kwanaki a hannun malaman asibiti. Yanzu ga ta nan tana gudu a tsakar gida. Hular kuwa bayan arba'in uwar ta warware layukan nan uku ta sake su.

Abin da na koya a bakin likitoci a kwanakin nan da na yi ina zaryar asibiti, ga shi. Akwai wani hawan jini wanda ciki ne ke kawo shi, ba ya tasowa sai bayan mako 20, ya fi kuwa kama masu cikin fari da masu tagwaye. In awo ya kai 140 bisa 90, to, an shiga wurin da ya kamata a sa ido. Alamunsa in ya yi tsanani su ne kumburin fuska da hannu farat ɗaya, da ciwon kai wanda ba ya jin magani, da gani hazo-hazo, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari ta dama. In aka ƙyale shi, shi ne ya ke zama jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, mutanenmu kuwa su ce iska ce ta buge ta, a tsaya turare har rai ya salwanta. Akwai allurar da a ke yi don tsare jijjiga, amma ainihin maganin abin shi ne a raba uwa da cikin. Binciken lafiya da Gwamnatin Nijeriya ta yi a 2018 ya nuna cikin kowace haihuwa 100,000 mata 512 ne su ke rasuwa, hawan jinin nan kuwa yana cikin manyan dalilai.

Kada kuma a ce na tsorata jama'a. Ba kowane ciwon hannu ne hatsari ba. Mata da yawa a ƙarshen ciki su kan ji babban yatsa da manuniya da na tsakiya suna mutuwa, ko suna yi musu tsiri-tsiri, musamman da dare, har allura ta riƙa suɓucewa. Wannan ruwan jiki ne ya ke danne wata jijiya a wuyan hannu, galibi kuwa ya kan tafi bayan an sauka. Uwargidana ta yi shi a ciki biyu, sai ta ajiye kwarashi ta huta. Kumburin ƙafa da yamma shi ma ba baƙo ba ne, sai dai zaman wuri ɗaya yana daɗa shi. Ya kamata mai ɗinki ta riƙa tashi tana zaga tsakar gida, in ta zauna kuma ta ɗora ƙafa a kan 'yar kujera. Sa'an nan hawan jinin nan ya kan zo shiru ba wata alama, ɗinki yana tafiya sumul, sai abin awo kaɗai ke tona shi. Don haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya a 2016 ta mai da zuwa awo sau takwas maimakon huɗu, ta kuma jera biyar daga ciki daga mako na 30 zuwa na 40, watau daidai lokacin nan na bin inuwa.

To, ga inda mu masu karatu za mu yi amfani. Kunya ta hana suruki ya tambayi surukarsa, ta hana wa ya tambayi ƙanwarsa, har miji ma wani lokaci iyakarsa "Yaya jiki?" a ce masa "Da sauƙi." Amma ba wanda kunya ta hana ya ɗauki faifai ko hula ya ce, "Kawo in ga inda aka kai." In ka ga aikin da ya saba tafiya ya tsaya kwana biyu, ko gwana ta fara kuskure, ko ta matso da ƙyalle kusa da ido tana murtsuke goshi, sai ka sa wata babbar mace wadda ta ke sakewa da ita ta tambaye ta sosai, ku nufi asibiti a ranar. Katin awo kuma mu ne muka iya karanta shi. Ba laifi ba ne mutum ya duba ranar komawa ya rubuta a littafinsa, kamar yadda ya ke rubuta ranar jarrabawar 'yan makaranta.

Ina roƙon 'yan'uwa na Katsina da Sakkwato da Damagaram su rubuto su gaya mana irin aikin da matansu su ke riƙewa a wannan lokaci, ko kuma har yanzu akwai garin da mai ciki ta ke kaɗa zaren majanyinta da kanta. In akwai, ina so a taimake ni da sunan garin, domin mazarin kakata yana nan wurina, ba wanda ya iya juya shi a gidanmu.

Haza wasalam.

Ni ne naku,
Wani malamin makaranta,
Birnin Zariya.