Asabar da Lahadi a Birnin Dikko

Ɗaurin aure ne ya kai ni Katsina, kamar yadda yake kai yawancinmu Kanawa: a shafa fatiha, a ci shinkafa, a juyo kafin la'asar. Wannan karon sai na ƙudura zan kwana. Da asubahin Asabar na shiga mota a tashar Ƙofar Ruwa, muka bi ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya da Caranci, kafin hantsi ya dubi ludayi mun iso Ƙofar Ƙaura.

Da aka watse daga ɗaurin auren, wani abokin karatuna ya goya ni a babur muka kutsa lungunan cikin gari har Gobarau. Hasumiya ce ta ƙasa, tsawonta kusan mita 15, masu tarihi na danganta ta da zamanin Muhammadu Korau, sarkin Katsina na farko da ya karɓi Musulunci. Wani dattijo na zaune a inuwa, na ce, "Baba, ana hawa?" Ya ce, "Hau mana ɗana, amma ka bi a sannu." Ya yi gaskiya, matakalar ba ta mai gaggawa ba ce. Daga sama kana ganin soraye da kwanon rufi sun cakuɗe, ga kiran salla yana tasowa ta ko'ina. A nan malamai suka karantar, daga nan kuma a da ake hango mahara tun suna nesa da ganuwa.

Inda na fi daɗewa shi ne tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda yanzu gidan adana kayan tarihi ce. Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922 don horar da malaman makaranta. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, ɗakunan ƙanana, da sanyi ko da tsakar rana. A cikinsu Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu suna samari, ɗaya daga ƙasar Sakkwato, ɗaya daga ƙasar Bauci. A 1938 aka mai da makarantar Kaduna, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Na tsaya ina mamakin yadda Firimiyan Arewa da Firayim Ministan Najeriya suka fito daga wuri kaɗan haka, alhali yau muna gina benaye yara na fita ba su iya rubuta wasiƙa ba. Abin da ya sosa mini rai, tun shigarmu har fitarmu ban ga ɗalibi ko ɗaya ya zo kallo ba.

Lahadi ba ta da dogon labari. Mun karya da waina da miyar taushe, muka bi ta Ƙofar Soro muka ga fadar Sarki, sannan muka yi ziyara maƙabartar Ɗan Marina, inda aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. Muka yi addu'a, abokina ya sauke ni a tasha.

Mai karatu, in wani ɗaurin auren ya kai ka Katsina, kada ka juyo daga ƙofar masallaci. Ka kwana, kuma ka tafi da yaranka.