Kafin Ka Zaburi Doki, Duba Linzami

Tun da na haɗa kwamfuta da hannuna, 'yan'uwa ɗalibai suke tambayata abin da za su saya su haɗa tasu, su kuma zaburar da ita, watau su sa ta gudu fiye da yadda masana'anta suka ƙayyade. Na ga ya kamata in ba da amsa a nan gaba ɗaya, gama kuɗin ɗalibi ba ya sayen abu sau biyu. Ni kaina abin da na tara cikin hutu biyu shi na zuba a ciki.

Abu biyu ne ginshiƙin sha'anin. Na fari furosesa, ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Na biyu ram, inda ake ajiye aikin da ke hannu. Mu da muke koyon malanta ba za mu sha wuyar ganewa ba: furosesa shi ne malami, ram shi ne allon aji. Kome hanzarin malami, in allonsa ƙarami ne, ko yana can nesa da shi, darasi ba ya sauri.

Ba kowace furosesa ce take yarda a zaburar da ita ba. A wajen Intel sai mai harafin K a lambarta, kamar Core i5-12600K ta 2021, kuma sai a kan madabod mai harafin Z, wanda ya fi tsada. A wajen AMD kuwa yawancin Ryzen a buɗe suke, madabod mai sauƙin kuɗi irin B550 ya isa. Wannan ya sa na zaɓi Ryzen 5 5600 wadda ta fito a 2022. Cibiya 6 gare ta, tana tashi daga gigahaz 3.5 zuwa 4.4 da kanta in aiki ya yi nauyi.

A lura da kalmar nan "da kanta". A 1998 akwai wata Celeron 300A mai gudun megahaz 300, wadda masu wannan sha'awa suka riƙa kai ta 450 ba wuya, ƙarin rabi ke nan a kyauta. Wancan zamani ya wuce. Furosesar yanzu ita ke auna zafinta da wutarta, ta ƙara gudu har kusa da iyakarta, abin da ta rage wa mai zaburarwa kaɗan ne. Wannan kaɗan ɗin ma da zafi ake biyansa. In ka ƙara ƙarfin wuta da kashi 10 cikin 100, zafin da take fitarwa yakan ƙaru da wajen kashi 21, tun ba ka taɓa gudun ba. Baturen da ya gwada tasa a ɗaki mai sanyi ya rubuta sakamako, ba ɗakin kwananmu na watan Maris ya gwada ba. Kada kuma a ce yawan wuta ba ya ɓarna. A 2024 kamfanin Intel da bakinsa ya faɗi cewa wutar da ta wuce kima ce take lalata waɗansu furosesocinsa na jerin 13 da 14, har ya ƙara musu garanti na shekara 2. Wanda ya ƙara wuta da hannunsa kuwa ya fita daga garanti. Saboda haka maimakon furosesa mafi tsada, na sayi babbar fanka mai kyau.

Inda na ga riba ta gaske shi ne wajen ram. Da fari a duba iri, domin DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna. Tawa furosesa DDR4 take so, amma Ryzen da suka fito a kan soket AM5 daga 2022 sai DDR5. Sa'an nan a sayi sanda biyu maimakon ɗaya. Biyu masu gigabait 8 sun fi ɗaya mai 16, domin furosesa tana da hanya biyu zuwa ram, sanda ɗaya kuwa hanya ɗaya kaɗai take buɗewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A saye su cikin kwali ɗaya, gama waɗanda aka tsinto dabam dabam sukan ƙi jituwa in an matsa musu.

Lamba biyu ake rubutawa a jikin ram, mai sayarwa kuwa babbar yake nuna maka. Ɗaya gudu ce, kamar 3200 ko 3600. Ɗayar, mai CL a gabanta, ita ce jinkirin amsawa. Ga lissafin da ɗan aji shida zai iya: ninka CL da 2000, ka raba da gudun. Mai 3200 CL16 ta ba da 10. Mai 3600 CL18 ita ma 10, ko da yake ta fi ɗebo kaya a tafi ɗaya. Mai 3600 CL16 ta ba da 8.9, ita na ɗauka. Dalilin tsayawa a 3600 kuwa, hanyar da ke cikin wannan furosesa tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ram ɗin a megahaz 1800. In an wuce haka da nisa sai tafiyar ta rabu, jinkiri ya ƙaru, ka biya tsada ka sami nawa. Wani abu kuma, ram ba ta gudun da aka rubuta mata sai ka shiga BIOS ka kunna XMP. In ba haka ba takan tsaya a 2133 ko 2400, mai ita bai sani ba.

Bayan haɗawa sai jarrabawa. Na bar MemTest86 ta kwana tana gwada ram, na bar Prime95 ta wahalar da furosesa da tsakar rana, lokacin da zafi ya fi tsanani. Kuskure ɗaya tak ya isa a rage gudu. Wani zai ce na cika tsanani. To, a cikin wannan na'ura nake ajiye shirin darasi da makin yaran da nake koya wa. Kwamfutar da ta mutu kowa ya gani, amma wadda take juya lamba ɗaya a ɓoye tana iya kayar da yaron da ya ci jarrabawa, ba mai sani.

Shawarata ga 'yan'uwa ita ce, a sayi furosesa matsakaiciya, da ram mai kyau sanda biyu, da fanka wadatacciya, a ƙara gudu sannu sannu, ana gwadawa a kowane taki. Sauri ya haifi nawa. Allah ya ba mu sa'a.