Tazugen Kawu

Kawuna yana noman dawa a gefen dajin Ɗansoshiya, ƙasar Kiru. Damina biyu ya yi yana kukan gefen cinyarsa ta dama: zafi kamar an ɗora garwashi, wani lokaci kuma fatar ta mutu, ko an mintsine shi ba ya ji. Kowa ya ce sanyi ne. Aka sha saiwa, aka yi ƙaho.

Sai daga baya na fahimci abin. A ƙugu, jijiyoyi huɗu na sama da ke fitowa daga laka suna sarƙewa cikin tsoka, sannan su rabu. Babbarsu ke miƙe gwiwa, reshenta ya gangara har idon sawu ta ciki. Wata ke haɗe cinyoyi. Akwai kuma siririya mai kai ji ga fatar gefen cinya kawai, tana bi ta kusa da ƙashin ƙugu na gaba, daidai inda Kawu ke ɗaure tazuge tamau ya wuni a sunkuye da fartanya.

Na ce, "Kawu, a sassauta tazugen nan." Ya yi murmushi, ya sassauta. Kafin kaka zafin ya ragu.

Wanda kuma gwiwarsa ta fara saki, don Allah a kai shi asibiti.