Isaguji a Gafakar Kawu

Ranar da na gaya wa kawuna a Sabon Birni cewa nazarina ya karkata ga adabin Girkawa da na Yahudawa, sai ya yi shiru, can ya ce: "Ɗana, mi ya kai ka noman gonar da ba ta gado ba?"

Ban sami amsa ba sai da na buɗe gafakarsa. A ciki akwai Sullam na Akhdari, waƙen manɗiƙi na ƙarni na 16 wanda ya tsiro daga Isaguji, kalmar Girkanci mai nufin gabatarwa, ƙofar shiga manɗiƙin Aristo. Kusa da shi ga Ƙisasul Anbiya, ɗauke da ruwayoyin Ka'abul Ahbar da Wahabu ɗan Munabbihu, waɗanda malamai ke kira Isra'iliyyat. Ashe gonar ta gado ce, waɗanda suka fara share ta ne muka manta.

Yau 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka da dama tsakanin Isa da Sabon Birni, kuma mai gudun tsira bai cika waiwayar littafi ba. Shi ya sa na soma bincikena daga gafakar kawu, ina kwafe ta warƙa bayan warƙa, kada wuta ko gara su riga ni.