Daga bakin gadar Gaya: ba a fafe gora ranar tafiya

Duk wanda ya taso daga Yamai ya ratsa Doso ya miƙa kudu, in ya ci kilomita wajen 150 daga Doso zai ga ƙasa ta sake kama: ga giginya jere, ga rake da mangwaro, ga shinkafa kwance a bakin kogin Isa. To ya iso Gaya ke nan, birnin Dandi, inda ruwan sama ya fi sauka a duk faɗin Nijar. Ta gabas ga Kamba ta Najeriya, a ƙetaren kogi kuma ga Malanbil ta ƙasar Benin. A garin nan kusan kowa ko dai matafiyi ne, ko mai masaukin matafiyi, ko mai cin abinci a jikin matafiyi. Shi ya sa muka ga babu inda ya fi dacewa mu zauna mu yi lissafin guzuri kamar nan.

Abin da ya kawo maganar shi ne tafiyar ayari irin ta zamani. Kamfanonin shirya tafiye-tafiye, waɗanda muke kira ajans, sukan tara mutane su kai su yawon buɗe ido, ko ziyara, ko Umra da Hajji, su yanka kuɗi guda su ce an haɗa kome da kome. Mutum ya biya, ya karɓi takarda, hankalinsa ya kwanta. Sai an yi nisa da gida ya gane cewa «kome da kome» ɗin nan tana da iyaka, abin da ke bayan iyakar kuwa daga aljihunsa zai fito.

Kakanninmu ba su jahilci wannan ba. A ƙarni na 19, fataken goro da ke tasowa daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja sukan ƙetare kogin nan ta wajejen Ilo da Gaya, su bi ta Kandi da Jugu har su kai Salaga, tafiyar watanni. Ayari yana da madugu mai shugabanci, da jagaba mai duba hanya, da uban dawaki mai tattara kuɗin fito da garamar da ake biyan sarakunan hanya. Amma abincin falke, da na jakunansa, da maganin ciwonsa, da tsarabar iyalinsa, ba su taɓa zama a wuyan madugu ba. Ajans ta yau ita ce madugu, mota ta gaji jaki, guzuri kuwa yana nan inda yake, a wuyan mai tafiya.

Ni kaina na sha wannan darasi. A hutun shekarar 2018 muka haɗu mu wajen talatin, malaman lakkol da ma'aikatan ofis da ƴan kasuwa, wata ajans ta shirya mana kwana 7 a kudancin Benin a kan jikka 150 kowane mutum. Takarda ta ce mota, da masauki, da abinci, da ɗan rakiya. Muka hau gada da sassafe cikin raha, muka wuce Malanbil da Kandi da Faraku, tafiyar da ta haura kilomita 700 kafin a ga teku a Kwatano. Tun a Kandi, da aka tsaya cin abincin rana, ɗan rakiya ya sanar da mu cikin ladabi cewa abincin da takarda ke nufi shi ne karin kumallo kawai. Aka dubi juna, kowa ya sa hannu a aljihu.

Daga nan abin ya yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. A Abome, shiga fadar tsofaffin sarakunan Dahome da kuɗinta. A Wida, inda aka gina Ƙofar Tafiya Ba Dawowa a 1995 don tunawa da bayin da aka kwashe zuwa Amurka, mai yi mana bayani yana jiran nasa goron. Ganbiye, garin da aka kafa a kan ruwan tafkin Nokuwe, ba a zuwa sai da jirgi, jirgin kuwa ba ya cikin takarda. Ranar da aka ba mu ta hutu motar ajans ba ta motsa ba, wanda ke son ganin kasuwar Dantokpa sai ya hau kabu-kabu, wanda can ake kira zemijan. A hanyar dawowa mota ta lalace kusa da Faraku, muka yi kwanan da ba a shirya ba, zazzaɓi kuma ya kama ni.

Da na dawo gida na buɗe ɗan littafina na tara: abincin rana da na dare jikka 28, shiga wurare da jirgi da goron masu bayani jikka 12, zemijan jikka 8, kwanan ƙari da magani jikka 10, tsaraba jikka 35. Jimilla jikka 93, wato fiye da rabin abin da na biya ajans. Ni na tsira da mutuncina da ƙyar. Wani abokin tafiyarmu, magidanci mai furfura, sai da ya ci bashi a hannun matasan da ya girme su nesa, ya dawo ya tarar da albashin watan gobe ya riga ya ƙare tun bai zo ba. Wani ɗan kasuwa kuma ya taɓa jarinsa, wanda duk ɗan kasuwa ya san taɓa shi kamar zare tubali ne daga gindin katanga.

Mutum ɗaya ce a cikinmu ba ta girgiza ba, wata dattijuwar Hajiya da ta shekara da shekaru tana fataucin atamfa tsakanin Gaya da bakin teku. Daren da muka kwana a Faraku na ce mata: «Hajiya, ke ban ga kin damu ba.» Ta yi murmushi ta ce: «Ɗana, ni kuɗina ƙulli huɗu nake yi masa tun daga gida. Na ciki, na hanya, na mutanen gida, da na komawa. Na komawa ko yunwa za ta kashe ni ba na kwance shi.» Na daɗe ina juya maganar nan, ban sami abin da zan ƙara a kanta ba sai bayani.

Ƙullin ciki shi ne abinci da ruwan sha: a ƙidaya kwanakin tafiya, a ƙara biyu a kai. Ƙullin hanya shi ne ƴan dako, da kabu-kabu, da shiga wurare, da layin waya na ƙasar da aka je, da takardar rigakafin ciwon shawara in ba a da ita, da kuɗin duwan na kayan da aka sayo. A nan ne kuma ake sa asarar canji. Mai zuwa Benin ko Togo yana cikin sefa ɗaya da tamu, amma mai bi ta Kamba sai naira, mai zuwa Gana sai sidi, mai zuwa Makka sai riyal, kowane canji kuwa yana cin rabonsa. Manya ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, guzurin da aka tara don ƙasashen waje ya koma rabinsa. Ƙullin mutanen gida shi ne tsaraba, kuma shi ya fi kowane cin mutum, don kunya ce ke kashe shi, ba buƙata ba. Maganinsa a rubuta sunayen waɗanda za a yi wa tun kafin a tashi, a yanka wa kowa abinsa, a tsaya a nan.

Ƙulli na huɗu kuwa, mutanen Gaya sun fi kowa sanin amfaninsa. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe namu. Bayan 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka toshe gadar Malanbil, kuma ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, shekarar ta ƙare ba a buɗe gadar ba ta ɓangaren Nijar. A lokacin matafiya sukan sauka daga mota, su biya mai ɗaukar kaya, su biya mai jirgin fito, su sake neman wata motar a ƙetare. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da tsohon tikiti ya san da shi. Kuɗin fiton da fatake ke biya shekaru fiye da ɗari da suka wuce, ga shi ya dawo bakin kogi ɗaya.

Saboda haka, kafin ka miƙa wa ajans ko dala ɗaya, ka zauna da mai ita ka tambaye shi, don mai tambaya ba ya ɓata. Abinci sau nawa a rana? Ɗaki na mutum nawa? Shiga wurare yana ciki? Kilo nawa na kaya aka yarda da shi? In mota ta lalace ko aka rufe iyaka, wa zai biya kwanan ƙari? In tafiya ta fasa, nawa za a mayar? Maniyyaci ya ƙara da tambayar hadaya da ziyarar wurare. Duk amsar da aka ba ka a rubuta ta, a sa hannu, ka riƙe taka takardar. Ajans ta gaskiya ba ta jin haushin tambaya. In kuma ka tara ƙulli huɗun nan ka ga sun fi ƙarfin aljihunka, to ka haƙura sai baɗi, ka shiga adashi ka tara a hankali, ka kuma bar wa iyali cefanen kwanakin da ba ka nan kafin kome.

Da yamma, in ka tsaya a bakin kogi a Gaya, za ka ga masu jirage suna duba igiya da sanda tun kafin fasinja su zo. Haka ya kamata matafiyi ya yi da aljihunsa, don Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi cikin rufin asiri, amin. Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.